Yadda baƙo zai zauna da samarin jam'iyyun Labanan masu gaba da juna

Tambayar ta fito ne daga wani ɗalibi da ya samu gurbin ƙaro karatu a Bairut. Ya ce tun bai gama sanin hanyar makaranta ba samari suka fara jan sa a jiki, wasu 'yan Shi'a daga unguwar Dahiya, wasu 'yan Sunni daga Tarik Jadida, wasu kuma Kiristoci daga Ashrafiyya. Kowane rukuni ya karrama shi, ya hana shi biyan kuɗin abinci, sannan ya zaunar da shi ya bayyana masa dalla-dalla cewa sauran ne suka rusa ƙasar. Yana son sanin wa zai gaskata a cikinsu, da kuma yadda zai yi hulɗa da su duka ba tare da ya jawo wa kansa fitina ba.

Malam, shawarata ta farko ita ce ka gaskata kowannensu a kan abin da aka yi wa mutanensa, ka kuma dakata da gaskata shi a kan abin da ya ce maƙwabcinsa yana nufi. Saurayin da ya ba ka labarin yadda bama-baman Isra'ila suka rushe gidansu a kudu ba ƙarya yake yi ba, haka wanda ya ba ka labarin ranar da 'yan bindigar Hizbullah suka shiga unguwarsu a 2008, haka wanda kakansa ya tsere daga Damur a 1976. Inda labarin kowa yake rauni shi ne wurin da ya tsallake, kuma kusan kullum abin da ya tsallake shi ne ɓarnar da nasa ɓangaren ya yi. Karamcin da suke yi maka na gaske ne, domin mutanen ƙasar suna da son baƙo, amma ka sani cewa akwai wata buƙata a tare da shi. Labanan ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita 10,452, kusan rabin Jihar Kano, kuma tun kafuwarta ba a taɓa raba wata babbar rigimarta ba sai da hannun waje: Faransa, Siriya, Isra'ila, Iran, Saudiyya, Amurka. Mutumin da ya tashi a irin wannan ƙasa ya saba ganin cewa ra'ayin na waje yana da nauyi, don haka ko ɗalibi ne ya zo daga nesa, ana son a mai da shi shaida, ya koma gida da labarin yadda aka ba shi.

Ba za ka fahimci zafin waɗannan samari ba sai ka san yadda aka gina mulkin ƙasar. Hukuma ta amince da ɓangarorin addini 18, kuma rabon da a yi ƙidayar jama'a tun 1932, zamanin mulkin Faransa, saboda kowa yana tsoron abin da sabuwar ƙidaya za ta nuna. Tun yarjejeniyar 1943 shugaban ƙasa Kirista ne ɗan ɗarikar Maroni, firaminista ɗan Sunni, kakakin majalisa ɗan Shi'a. Yarjejeniyar Ɗa'if ta 1989, wadda ta share fagen kawo ƙarshen yaƙin basasa, ta raba kujerun majalisa daidai tsakanin Musulmi da Kirista, kuma a yau kujerun 128 ne, kowace da ɗarikar da aka ware wa. Aure da saki da gado suna hannun kotunan addini, shi ya sa masu son auren da ba na addini ba suke tsallakawa tsibirin Saifurus su ɗaura su dawo. Mutum ba ya jefa ƙuri'a a inda yake zaune, sai a garin da aka rubuta danginsa, ko da kakansa ne ya baro garin. Sakamakon duk wannan shi ne tsakanin ɗan ƙasa da gwamnatinsa akwai wani mutum a tsaye, wanda suke kira za'im, wato jagoran ɗarika ko na yanki. Gurbin aiki a ma'aikata, gadon asibiti, rangwamen kuɗin makaranta, fitar da ƙani daga hannun 'yan sanda, duk ta ƙofarsa ake bi, kuma wanda ba shi da uwa a gindin murhu ya san gaya zai ci tuwonsa. Idan ka ga saurayi ya harzuƙa don an taɓa jagoransa, ka tuna cewa mai yiwuwa jam'iyyar ce ta biya kuɗin aikin tiyatar mahaifiyarsa.

Abu na biyu shi ne yaƙin basasar 1975 zuwa 1990, wanda waɗannan samari ba su gani ba amma suka gada. A 1991 aka yi dokar afuwa da ta rufe yawancin laifuffukan yaƙin, shugabannin mayaƙa da yawa suka cire kaki suka zama ministoci da 'yan majalisa, kuma har yau ba a samu littafin tarihi guda da makarantun ƙasar suka yarda da shi a kan waɗannan shekaru ba. Yaro yana koyon yaƙin ne daga bakin baffansa da daga bangon unguwa. Wannan bango shi ne darasin da nake so ka fara karantawa, domin idan ka taka da ƙafa daga Hamra zuwa Ashrafiyya, ko daga Shiyah ka tsallaka titi ɗaya zuwa Ainur Rummana, turakun lantarki za su gaya maka inda kake kafin kowa ya buɗe baki. Tuta rawaya ta Hizbullah ce. Koriya tare da hoton malami mai baƙin rawani ta Amal ce, ɗaya babbar jam'iyyar 'yan Shi'a, malamin kuwa Musa Sadr ne, wanda ya ɓace a Libiya a 1978. Shuɗiya da hoton tsohon firaminista Rafik Hariri ta Mustaƙbal ce, jam'iyyar da yawancin mabiyanta 'yan Sunni ne. Ruwan lemo launin magoya bayan Mishel Aun ne, Kirista tsohon janar kuma tsohon shugaban ƙasa. Fara mai itacen al'ul cikin jan da'ira ta Kuwwat ce, jam'iyyar Kiristoci ta Samir Ja'ja, kuma a wuraren da take za ka ga hoton saurayi Bashir Jumayyil, zaɓaɓɓen shugaban ƙasar da aka kashe a Satumbar 1982 kafin ya hau mulki. A duwatsun Shuf, ƙasar Duruzawa, wata ƙaramar al'umma mai addininta na daban, hoton jagoransu Kamal Jumblat ne, wanda aka kashe a 1977. Ka lura cewa mafi yawan fuskokin nan na matattu ne, kuma ƙarƙashin manyan akwai ƙananan hotuna da rana ta dusashe, na samarin unguwa, waɗanda iyayensu mata suke wucewa ta gabansu kullum a hanyar kasuwa.

Rabuwar da aka fi ji a bakin samari ta samo asali ne daga 2005. A ranar 14 ga Fabrairu aka kashe Rafik Hariri da bam a bakin tekun Bairut. A ranar 8 ga Maris Hizbullah da ƙawayenta suka yi gangamin godiya ga Siriya, a ranar 14 ga Maris kuma 'yan Sunni da Duruzawa da Kiristoci masu yawa suka cika Dandalin Shahidai suna neman sojojin Siriya su fice, kuma suka fice a watan Afrilu. Kwanakin nan biyu suka zama sunayen ƙawance biyu. Ƙawancen sun wargaje daga baya, amma gardamar da ta haife su tana nan, wato makaman Hizbullah. Ɗan Dahiya zai ce maka Isra'ila ta mamaye kudu shekara da shekaru, sojan ƙasa bai kare kowa ba, kuma gwagwarmaya ce ta kore ta a Mayun 2000, ta kuma tsaya mata kwana 34 a yaƙin 2006. Zai ƙara da cewa kafin nan 'yan Shi'a su ne talakawan da Bairut ba ta ko kallo. Ɗan Tarik Jadida ko ɗan Kuwwat zai amsa cewa babu ƙasar da za ta zauna da sojoji biyu, cewa jam'iyya ɗaya tana yanke shawarar yaƙi a madadin kowa bisa buƙatar Iran, cewa makaman da aka ce na Isra'ila ne an juya su cikin gida a 2008 sannan aka kai su Siriya don kare Bashar Asad, kuma kotun musamman ta duniya a 2020 ta samu wani ɗan Hizbullah da hannu a kisan Hariri, hukuncin da ƙungiyar ba ta amince da shi ba. A ganina hujjar cewa makami ya zama a hannun hukuma kaɗai ita ce ta fi ƙarfi, amma wanda ya faɗe ta ba tare da amsa tambayar ɗan kudu ba, wato wa zai kare ƙauyensa, bai gama magana ba.

A nan ne nake so ka yi hattara da kanka, domin kai ma da naka kayan ka zo. Wanda ya tashi yana jin muhawarar Sunna da Shi'a a majalisun gida yana iya ɗauka cewa ita ce ya tarar a Bairut, sai ya nemi layin da zai shiga. Tarihin ƙasar bai goyi bayan wannan fahimta ba. Amal da Hizbullah, duka 'yan Shi'a, sun gwabza yaƙi tsakaninsu daga 1988 zuwa 1990. Aun da Ja'ja, duka Maroniyawa, sun yi wa yankunan Kirista luguden wuta a 1990 suna yaƙar juna. Aun ɗin nan da ya yi gudun hijira a Faransa saboda yaƙar Siriya, da ya dawo sai ya sa hannu a yarjejeniya da shugaban Hizbullah Hasan Nasrallah a cocin Mar Mikha'il a Fabrairun 2006, kuma matasan jam'iyyarsa suka shafe shekaru suna kare Hizbullah a gardamar jami'a. Walid Jumblat, ɗan Kamal kuma jagoran Duruzawa, ya sauya ɓangare sau da yawa, mabiyansa kuma suka bi shi kowane karo, domin abin da suke nema gare shi shi ne ƙaramar al'ummarsu ta tsira. Za ka haɗu da ɗan Amal da bai damu da salla ba, da ɗan Kuwwat da rabonsa da coci tun bikin yayarsa, amma kowannensu a shirye yake ya yi dambe don tutarsa. Idan aka tambaye ka kai Sunni ne ko Shi'a, kuma za a tambaye ka, ka faɗi gaskiya a taƙaice, amma ka sani cewa mai tambayar yana auna inda zai ajiye ka ne a taswirar ƙasarsa, ba karatun tauhidi yake nema ba.

Fitowarka daga Afirka ta Yamma za ta buɗe maka wasu ƙofofi. Iyalai da yawa a kudancin Labanan da ƙauyukan arewa irin su Miziyara suna da dangi a Kano, Legas, Abijan ko Dakar, kuma Nabih Berri, shugaban Amal da yake riƙe da kujerar kakakin majalisa tun 1992, a Saliyo aka haife shi. Kada ka yi mamaki idan wani dattijo a birnin Sur da ke kudu ya gaishe ka da Hausa ya tambaye ka labarin Kantin Kwari. Akwai kuma ɓangaren da ba shi da daɗi, wanda bai kamata in ɓoye maka ba. Yawancin baƙaƙen fata a ƙasar ma'aikatan gida ne da ke ƙarƙashin tsarin kafala, wanda yake ɗaure takardun ma'aikaci ga ubangidansa, kuma wasu za su yi maka kallon raini kafin su san ko kai wane ne. Wannan hali bai san launin tuta ba, ana samun sa a kowace unguwa, kamar yadda ake samun masu yaƙi da shi a cikin matasan.

Game da haɗari, yawancin kwanaki gardamar ba ta wuce teburin shisha, kuma za ka ga abokai biyu sun yi kamar za su cinye juna sannan su raba kuɗin tasi. Amma ƙananan abubuwa sun sha zama manya. A ranar 25 ga Janairun 2007 cacar baki tsakanin ɗalibai a Jami'ar Larabawa ta Bairut ta bazu zuwa titunan Tarik Jadida, aka kashe mutum huɗu, soja suka sa dokar hana fita. A ranar 7 ga Mayun 2008, bayan gwamnati ta yi yunƙurin rufe layukan sadarwar Hizbullah, mayaƙan ƙungiyar da na ƙawayenta suka karɓe yammacin Bairut, gommai suka mutu a faɗin ƙasar kafin a sasanta a Doha. A ranar 14 ga Oktoban 2021 zanga-zangar Amal da Hizbullah a kan alƙali Tarik Bitar, mai binciken fashewar tashar jiragen ruwan Bairut ta 2020, ta rikiɗe zuwa harbe-harbe a Tayyuna, aka rasa rai bakwai, a bakin Ainur Rummana, unguwar da aka buɗe wa motar fasinja wuta a ranar 13 ga Afrilun 1975 yaƙin basasa ya tashi. A Tarabulus kuwa titi ɗaya ne, mai suna Titin Siriya, ya raba 'yan Sunnin Babut Tabbana da Alawiyyawan Jabal Muhsin, kuma sun yi ta musayar wuta har 2014. Ko ƙwallo ba ta tsira ba, domin bayan kisan Hariri an shafe shekaru ana buga gasar ƙasar babu 'yan kallo don gudun rikicin magoya baya.

Shi baƙo, abin da ya fi jefa shi cikin wahala abu uku ne, kuma duka yana iya kauce musu. Na farko taɓa alama. A 2009 marubucin nan Christopher Hitchens ya yi rubutun ɓatanci a kan wani allon Jam'iyyar Kishin Ƙasar Sham a titin Hamra, nan take samarin jam'iyyar suka rufe shi da duka. Allon na tunawa ne da wani ɗansu da ya harbi sojojin Isra'ila a wurin a 1982, kuma shaharar marubucin ba ta hana komai ba. Kada ka yage hoto, kada ka yi masa ba'a, kada ka jingina da shi kana dariya. Na biyu ɗaukar hoto. A Dahiya da ƙauyukan kudu da wasu sassan kwarin Biƙa da ke gabas, ɗaga waya ka ɗauki titi ko gini yana iya sa samari a kan babur su tsayar da kai su duba wayarka, kuma tun bayan kashe-kashen da Isra'ila ta yi a 2024 zargin leƙen asiri ya ƙaru ƙwarai. Idan hakan ta faru ka nuna takardunka, ka faɗi sunan makarantarka, ka amsa abin da aka tambaye ka cikin natsuwa. Ka kuma sani cewa dokar ƙasar ta haramta hulɗa da Isra'ila, kuma tambarinta a fasfo yana hana shiga. Na uku, wanda na fi ji maka tsoro saboda ba ya kama da haɗari, shi ne kai magana. Kai kaɗai ne a cikinsu kake cin abincin rana a Dahiya ka sha shayin dare a Ashrafiyya, kuma kowane ɓangare zai tambaye ka me waɗancan suke cewa. Duk abin da aka faɗa maka a ɗaki ka bar shi a ɗakin, musamman sunaye. Haka nan kada ka karɓi tuta ko ƙyallen wuya ka ɗauki hoto da shi don faranta wa mai masauki, domin hoton zai hau Instagram kafin ka isa gida, kuma abokanka na ɗaya unguwar za su gani.

Akwai rukuni na daban da za ka haɗu da shi, kuma ina zaton su za su fi kwanta maka a rai. Su ne matasan da suka fito a ranar 17 ga Oktoban 2019, lokacin da gwamnati ta yi niyyar sa haraji a kan kiran WhatsApp, suka cika tituna daga Tarabulus har Nabaɗiyya da taken cewa dukkan shugabannin, ba a cire kowa ba, su sauka. Bayan haka bankuna suka riƙe ajiyar mutane, lira da ta shafe shekaru sama da 20 a kan 1,507 ga dala ta rasa fiye da kashi 95 cikin 100 na darajarta, sannan a ranar 4 ga Agustan 2020 tashar jiragen ruwa ta fashe ta kashe mutum fiye da 200. A shekarar ta 2020 ƙungiyoyin ɗalibai masu neman raba addini da siyasa suka yi nasarar da ba a saba gani ba a zaɓen Jami'ar Amurka ta Bairut da Jami'ar Saint Joseph, kuma a zaɓen 2022 'yan takarar canji 13 suka shiga majalisa. Ina girmama waɗannan matasa, kuma ina ganin ƙorafinsu shi ne mafi gaskiya a ƙasar. Sai dai baƙo yana yawan kuskuren ɗaukar su a matsayin muryar matasan Labanan gaba ɗaya, saboda su ne suka iya harsunan waje, su ne a gidajen shayin Hamra da Mar Mikha'il, kuma maganarsu ta yi daidai da abin da yake son ji. Kujera 13 cikin 128 ita ce ma'aunin ƙarfinsu a akwatin zaɓe, kuma da yawa daga cikinsu suna cike takardun tafiya Kanada ko Faransa ko Dubai. Talaucin da ya fusata su shi ne kuma ya mai da wasu samarin ƙofar jam'iyya, domin ita ce take raba kwalin abinci da man janareta lokacin da albashi ya zama ba komai.

Ka kuma yi la'akari da cewa ƙasar ta sake juyawa a 'yan shekarun nan. Sa'ad Hariri, ɗan Rafik kuma jagoran Mustaƙbal, ya jingine siyasa a Janairun 2022, ya bar matasan Sunni da yawa babu jagora guda. Isra'ila ta kashe Hasan Nasrallah a ranar 27 ga Satumban 2024 a yaƙin da ya rusa unguwanni a Dahiya da ƙauyuka masu yawa a kudu, gwamnatin Asad ta faɗi a Disambar shekarar, kuma a Janairun 2025 aka zaɓi Joseph Aun shugaban ƙasa, Nawaf Salam ya zama firaminista. Abokanka na Dahiya suna cikin makoki da jin cewa an kewaye su, wasu daga cikin abokanka na ɗaya ɓangaren kuma suna ganin lokacinsu ya zo. Idan ka shiga gidan da aka rataye sabon hoto da baƙin ƙyalle, ka yi ta'aziyya yadda aka koya maka a gida, ko mene ne ra'ayinka game da ƙungiyar da mamacin ya yi wa aiki, ka bar maganar makamai zuwa wata rana.

Idan kana son ka amfana da zaman, ka canza irin tambayoyin da kake yi. Tambayar wa ya fara ba ta kai ka ko'ina, domin kowa yana da shekarar da yake fara lissafi daga ita, kuma ya zaɓe ta ne don ta wanke nasa. Ka tambayi saurayi ina iyayensa suke lokacin yaƙi, wa ya samo wa yayansa aiki, sau nawa ya taɓa shiga unguwar da yake zagi, kuma me yake tsoron zai faru da danginsa idan jam'iyyarsa ta rasa ƙarfi. Tambayar ƙarshen nan takan sa murya ta sauka, kuma amsoshin da za ka ji a unguwanni ukun za su yi kama da juna fiye da yadda masu ba da su za su so. Idan suka matsa sai ka faɗi ɓangarenka, ka ce kai baƙo ne da ya zo karatu, kana sauraron kowa, kuma ba ka da ƙuri'a a ƙasar. Wannan amsa ba za ta gamsar da su ba, amma suna karɓar ta daga baƙo matuƙar sun ga ita yake ba kowa. A ranakun zaɓen ɗalibai, da ranakun tunawa irin su 14 ga Fabrairu, da duk daren da wani babban jagora zai yi jawabi a talabijin, ka koma masauki da wuri, domin a wasu unguwanni ana harba bindiga sama don murna kuma harsashin da ya hau yana saukowa. Kafin ka yi tafiya kudu ko Biƙa ka tambayi ofishin ɗaliban waje na makarantarka halin da hanya take ciki a wannan makon, ka kuma tafi tare da ɗan yankin da iyalinsa suka san da zuwanka.